Hudar Allura a Murfin Madara

Shekara goma sha tara Baba Mamman yana karanta sanarwa a cocinsu da ke Narayi, amma shekara uku na ƙarshe ba karatu yake yi ba. Idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu. Duk ranar Asabar matarsa, Mama Grace, takan karanta masa takardun, ya haddace, ranar Lahadi ya riƙe takarda yana bin layi da yatsa kamar mai gani.

Tabarau kuwa ya ƙi. Wanda ya gada a wannan aiki, wata biyu da sa tabarau dattawa suka ce ya huta. Baba Mamman bai manta ba.

Abin yana cin sa. Yakan zauna gindin mangwaro yana tambayar kansa: in duk kalmar da na faɗa tana cikin takardar, ƙarya na yi? Bakin dai bai yi ba. Yatsan fa?

Lahadin da ta wuce aka miƙo masa wata 'yar takarda ana tsakiyar sanarwa. Ya duba, ya ga kamar tururuwa, ya yi canke. Ya ce zumuntar mata za su haɗu ranar Laraba, alhali an rubuta mai wata mota ne ya tare ƙofa. Fasto ya dube shi, duban da ya hana shi cin tuwon rana.

Ranar Juma'a 'yarsa Grace ta zo daga Barnawa, inda take kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare. Uwar ta kwashe komai ta faɗa mata. Grace ta tashi. Ta ɗauko sabon gwangwanin madarar gari, ta ɓare siririn ƙarfen nan mai sheƙi da ake like bakinsa da shi, ta huda shi da tsinin allura.

"Baba, rufe ido ɗaya, ka leƙa ta nan."

"Ni yaro ne?"

"Leƙa mana."

Ya leƙa kalandar da ta riƙe masa a bakin taga. Sai ya karanta sunan mai shagon tayar da ya buga kalandar, har lambar wayarsa.

"Wane irin siddabaru ne wannan?"

Ta ce idonsa ne ya daina tattara haske wuri guda, hudar kuwa siririn haske kawai take bari ya shiga, wanda ba ya bazuwa. Ta ƙara da cewa akwai masu bincike da ke jera ramuka a fallen zinariya, ƙanana har ido ba ya ganinsu, haske ya wuce fiye da yadda aka zata.

"Su da zinariya, ubanki da murfin madara," in ji Mama Grace.

Da Grace ta shiga kicin, Baba Mamman ya ɗauki ƙusa ya faɗaɗa hudar, don a ganinsa ƙarin haske ƙarin gani ne. Ya leƙa, tururuwan suka dawo.

"Ka ɓata," in ji matar. "Kullum sai ka ƙara wa abu gishiri."

Da Grace ta dawo, ta huda masa wani gefen, ta ce na wucin gadi ne, asibiti dai dole. Ya yi kamar bai ji ba. Ya yanke ƙarfen daidai tafin hannu, da niyyar in ta ɓaci ya yi kamar yana sosa gira.

Ranar Lahadi haddar ta tafi daidai. Yana shirin sauka sai ga takarda ana miƙowa hannu zuwa hannu daga layin mata. Ya karɓa. Ya gwada sosa gira, hudar ba ta zo kan ido ba. Ya dubi yatsansa da ya riga ya hau kan layi yana jiran a fara, sai ya janye shi.

Ya ɗaga murfin madarar a fili, ya manna a ido, ya runtse ɗayan. Dariya ta fara daga wajen mawaƙa.

"Ku yi dariyarku," ya ce. "Shekara uku ba na gani. Mama Grace ke karantawa, ni lasifika ne kawai. Yau dai ni zan karanta."

Ya gyara murya, ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya: "Ana sanar da jama'a cewa Baba Mamman zai je asibitin ido ranar Talata da ƙarfe tara, kuma..." Ya tsaya. Ya gane rubutun.

"Ƙarasa mana, Baban Grace!" in ji matar daga kujerarta.

"...kuma ba zai ce yana da mitin ba."

Fasto ya share hawayen dariya, ya karɓi makirfo ya ce, "Baba, sanarwar mako mai zuwa tana jiranka. Ka zo da tabarau. Murfin kuma a mayar wa madara."