Saura Kwana Tara a Ɗakin Kalilu

Kibiyar sakiya ta riga ta yi ja a cikin garwashi sa'ad da Hussaina ta yi sallama ta shigo gidan.

Yayarta Ikilima na zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma. Ƙwaurinta duka biyun sun fito da wasu ƙululu masu sheƙi, kowanne kamar ƙwan zabo a ƙarƙashin fata, ga zafi ko zani ba ta so ya taɓa su. Surukar Ikilima, Inna Nana, na tsugune gaban kasko tana fifita wuta.

"Inna, me za a yi da wannan ƙarfen?"

"Huda za a yi, mugun ruwan ya fita. Sati biyu ke nan yarinya ba ta iya taka ƙasa."

Hussaina ma'aikaciyar jinya ce a Sandamu. Ta ajiye jaka, ta durƙusa, ta danna ɗaya daga cikin ƙululun da ɗan yatsa. Ikilima ta cije leɓe.

"Wannan ba maruru ba ne, Inna, babu ruwa a ciki. Kitsen da ke ƙarƙashin fata ne ya kumbura. Kika huda shi, gyambo kika saya mata. Asibiti za mu je a gano abin da ya tayar da shi."

Inna Nana ta tafa hannu. "Ke 'yar nan, bokon naku har ya kai nan? Mai takaba ce fa. Ta tsallake zauren nan, takaba ta karye, sai dai ta sake daga farko. Haka muka taras. Saura kwana tara kacal, sai ta zubar da wata huɗu?"

Ikilima ta ɗago kai a hankali.

Wata huɗu ke nan da kwana ɗaya tun da motar shanu ta kife da mijinta Kalilu a hanyar dawowa daga kasuwar Mai'aduwa. Shekara uku suka yi tare, Allah bai kawo haihuwa ba. Ran da takaba ta cika, babu abin da zai riƙe ta a gidan. Mahaifinta ya riga ya aiko daga Baure cewa mota za ta zo kwasar kaya, ɗakin kuma Sabiru, ƙanen Kalilu, zai sa amarya a ciki. Kowa na yi mata murnar kusa fita, ita kuwa kowace safiya ji take kamar an yanke mata wani abu. Rigar Kalilu ta zuwa kasuwa tana nan a ƙusa, har yanzu da ɗan warin shanu da turarensa. Idan la'asar ta yi, kunnenta kan tafi zaure da kansa, yana jiran gyaran muryar da yake yi kafin sallama.

"Daga farko, Inna? Wata huɗu da kwana goma cif?"

"Cif, ba ragi."

"To, Hussaina, miƙo min hijabina. Mu je asibitin."

Inna Nana ta saki baki. Hussaina ma ta yi mamaki, don ta san yayarta da taurin kai, amma ba ta tsaya tambaya ba. Ta aika aka kira Sabiru, ya aro motar maƙwabci, suka kama Ikilima hagu da dama har cikin mota.

Likitar mace ce mai fara'a. Ta duba ƙwaurin, ta tambaya ko ta yi ciwon maƙogwaro kwanan baya. Ikilima ta ce ta yi, har da zazzaɓi. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji, ƙirjin lafiya lau.

"Ciwon maƙogwaron ne ya tayar miki da shi," in ji likita. "Ga magani. Ki kwanta, ki ɗora ƙafafun a kan matashi, ban da tsayuwa mai tsawo, ban da doguwar tafiya. Cikin sati shida zai baje. Kada kowa ya kusance shi da aska ko ƙaho."

A hanyar dawowa Ikilima ta riƙa kallon titi da wani sanyi a ranta wanda rabonta da shi tun ranar rasuwar. Damina za ta same ta a ɗakin. Za ta ga dalbejiyar da Kalilu ya dasa a tsakar gida ta yi sabon ganye.

Sun tarar da Malam Ɗantsoho, limamin unguwa, zaune a zaure. Tun da aka ƙaddamar da shari'a Inna Nana ba ta yanke komai sai ta tambaya, ita ta aika masa. Ikilima ta tsaya daga bayan ƙofa ta gaishe shi.

"Sannu da jiki, Ikilima. Ki kwantar da hankalinki, na yi wa Inna Nana bayani. Fita don lalura ba ta karya takaba. Wannan zancen mutane ne kawai, babu shi a littafi. Lissafinki na nan yadda yake, saura kwana tara."

"Malam, ba za a sake ba? Ko don a fita daga shakka?"

"Babu shakka a ciki. Abin da Allah ya iyakance, ba a ƙara masa."

Ta ce ta gode. Ta dafa bango ta ja ƙafa har ɗaki, ta zauna a bakin gado, kukan da ta riƙe ya ƙwace mata, marar sauti.

Inna Nana ta daɗe tsaye a bakin labule tana kallonta. Kalilu ɗanta ne na fari, har ya koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a zaman makoki ba wanda ya ga hawayenta. Ta shigo, ta ɗaga ƙafafun Ikilima da hannunta ta ɗora a kan matashi biyu. Sannan ta leƙa waje.

"Hussaina, sati nawa likitan ta ce?"

"Shida, Inna."

"To, in kin je Baure ki gaida Malam mahaifinku, ki ce na ce ƙafar nan ba ta shiga mota. Takaba ta cika ranarta, a yi sadaka, amma yarinya tana nan wurina sai ta warke sarai. Sabiru kuma ya jira kaka, amaryar ba guduwa za ta yi ba."

Ta ɓallo ƙwayar magani ta miƙa wa Ikilima da kofin ruwa. Ikilima ta riƙe ƙwayar a tafin hannu tana juya ta, ba ta kai baki ba.

"Sha mana," in ji Inna Nana, ta zauna kusa da ita a bakin gadon. "Kin ɗauka don ƙafar na ce ki zauna? Ni ma in kin tafi, wa zan riƙa jin motsinsa a ɗakin yaron nan?"

Ikilima ta haɗiye maganin.