Douwe a Bayan Tankin Taki

Tun kafin ya ɗaura igiyar takalmi Douwe ya san yau jikin ba nasa ba ne. Satin nan kaf a durƙushe ya yi shi yana shimfiɗa tayil a banɗakin mutane, gwiwoyi sun kumbura, agara tana ja. Farcen babban yatsan ƙafarsa ya yi baƙi ya ɗago, wani ruwa-ruwa na tsatsowa daga ƙarƙashinsa. Ya dube shi ya ja tsaki, ya danna masa safa. Gudun fanfalaki ya matso, kuma dogon gudun Lahadi ba a fashinsa a ƙungiyarsu.

Ƙungiyar tana da doka ɗaya da ba ta tanƙwaruwa: ba a barin kowa a baya. Duk mararrabar da aka kai, na gaba sai su juyo har wurin na ƙarshe, su sa shi a tsakiya, sannan a ci gaba. Shekara da shekaru Douwe ne ke fara juyowa, wadda ake komawa ɗaukowa kuwa kullum Baukje ce, tsohuwar nas mai gajeren taku da ta yi ritaya. Yakan iso gabanta yana tafi, ya ce sun zo ɗaukar Kaka kafin ta yi tsiro a hanya, a kwashe da dariya. Shi dai ba a taɓa komawa dominsa ba, kuma duk wanda ya taɓa shan kofi da shi bayan gudu ya ji wannan labari har ya gundure shi.

Ranar kuma ta faɗo daidai lokacin da aka sake wa manoma mara su watsa taki. Gonakin da ke gindin ganuwar da ke tare ruwan teku, wadda suke gudu a kanta, duk sun yi baƙi da ruwan kashin shanu, iska tana kwaso warin tana cusa wa mutum har maƙogwaro. Douwe ya tsotsi ɗan zaƙin da yake sha don ƙarin ƙarfi, ya ji kamar takin ya haɗa da shi ya haɗiye. Ya tofar. Majina ta zubo, ya share da hannun riga, ya ji ƙyamar rigar, da hanyar, da shanun yankinsu na Friesland gaba ɗayansu.

Da suka wuce ginin coci na biyu a hanya, ƙafafu suka ce ba su san zance ba. Matasa suka wuce shi, wasu mata biyu masu hira ba numfashi suka wuce shi. Can sai ga Baukje da takunta na kullum, ta gifta shi ba ta ko ɗaga kai ba. Ya hango gadar da ake juyowa a kanta, ya hango jar hular Hidde, kocinsu, ta kusa isa. Nan da ɗan lokaci za su dawo suna tafi, kuma shi za su tarar.

A bakin wata gona an ajiye tankin taki ba tarakta. Douwe ya sulale daga kan ganuwar ya laɓe a bayansa, da niyyar in sun ɗauki Baukje sun wuce, ya yanke ta gonaki ya koma gida, daga baya ya ce matarsa ce ta kira. Bai lura tiyon tankin yana yoyo ba. Ƙafar dama ta lume cikin takin da ya taru har ƙwauri, da ya yunƙura ya zare ta, ta hagu ta bi. Abin da sanyi, da kauri, ya shige takalmi ya sami farcen nan. Ya dafa tankin ya yi ta kakarin amai.

Da ya ɗago sai ya ga Baukje tsaye a samansa, hannu a ƙugu. Ta ce tunda take gudu a ƙungiyar nan ba ta taɓa jin takun mutum a bayanta ba sai yau, don haka da takun ya ɗauke, sai ta gane ya tsaya.

"Hidde yana ƙirga kawuna a gada, ka fi ni sani," ta ce. "In bai gan ka ba, har ƙofar gidanka za su je. Fito ka bi gefena. Za su ɗauka ni suka zo ɗauka, ai sun saba."

Ya hau ganuwar yana jan ƙafa, takalma suna tsiyaya. Suka jera, ta rage gudu don ya iya riƙe ta.

Sai ga ayarin ya dawo. Hidde ya toshe hanci, ya dubi ƙafafun Douwe, ya tambaye shi me gwanin gaba yake yi a nan baya, kuma wace saniya ce ta rungume shi. Duk suka juyo suna kallonsa. Douwe ya ji bakinsa ya buɗe da muryar nan tasa ta kullum.

"Kaka ce ta sauka gona za ta kama ruwa ta zame, ni kuma na shiga tsamo ta. Ai dole wani ya tsaya mata."

Aka fashe da dariya, wani ya bubbuga kafaɗarsa, wata ta ce Douwe akwai kirki. Ba wanda ya dubi takalman Baukje, farare tas. Ita ma ba ta nuna su ba. Ta gyara hularta, ta shiga tsakiya inda ake sa ta kullum, sai dai ta zagaya ta koma ɓangaren da iska ba za ta kawo mata warinsa ba.

Douwe ya bi su a hankali, yanzu da hujjar yin baya. Takin ya fara bushewa a ƙwaurinsa yana jan gashi, amma ba shi yake ƙyama ba kuma, kansa yake ƙyama, ga sauran hanya da nisa.