Tayoyin Baya

Shekara talatin da biyu Baba ya yi yana tuƙa motar asibiti kafin ya yi ritaya. Amma ranar da surukinsa, mijin 'yarsa Auta, ya zo ɗaukarsa a sabuwar mota don ya ga ginin da suke yi a bayan gari, kujerar baya aka ba shi, Auta na gaba.

"Baba, wannan da ƙafa huɗu take ja," in ji surukin, yana shafa sitiyari. "Dillalin ya ce ko dutse ne sai ta hau."

"Allah ya sanya alheri," in ji Baba.

An tafka ruwa da safe. Suna sauka daga kwalta motar ta faɗa laka, ta zauna daram. Surukin ya taka totur, laka ta fantsamo ta rufe gilasai. Ya sake takawa, gaban motar ya ƙara nutsewa.

Tun takawar farko Baba ya gane. Tayoyin gaba kaɗai ke juyawa, na ƙarƙashin kujerarsa ko motsi. An cuci yaron nan. To amma ta ina mutum zai fara gaya wa suruki haka, ga matarsa zaune a gefe? Ya ja hannun ƙofa, ta ƙi buɗuwa, an kulle ta saboda jikoki. Maɓallin gilashi ma haka. Gumi ya tsattsafo masa, warin roba ya cika ciki. Kusan rabin awa yana zaune, hannu bisa gwiwa, yana ji ana azabtar da inji.

"Yanzu na bayan za su kama," surukin ke ta maimaitawa.

Can Baba ya yi gyaran murya. "Auta, zagayo ki buɗe wa tsohonki. Ƙafata ta yi tsami."

Ya fita, laka har idon sawu. Ya rage iskar tayoyin gaba, ya cusa tabarmin motar ƙarƙashinsu.

"Malam, sa giyar baya. A hankali, kamar ƙwai kake takawa."

Motar ta yi gurnani, ta fito.

Surukin ya leƙo. "Baba, na bayan fa?"

Baba ya duƙa yana kankare takalminsa da tsinke. "'Yan rakiya ne, ɗana. Gobe mu je wurin dillalin tare."

Ba wanda ya ƙara zancen gini. Auta ta koma baya ta bar masa gaba, suka juya gida.