Hannun Hagun Hambali

Ranar da Hambali zai shiga Kano sayen babur, matarsa Kulu ta tare ni a zaure. Ba ta fito ba, daga bayan labule take magana.

"Baban Linda, don girman Allah, in an saya a ɗora shi a mota. Kada ka bari Malam ya hau titi da shi. Kai kaɗai yake jin maganarka."

Na ce mata to. Saura kaɗan in yi dariya, domin Hambali ba ya jin maganar kowa a duniyar nan, ni ma jure min kawai yake yi.

Sunana Abel, amma tun da na baro ƙasar Shendam na zo noman rani, mutanen nan suka mayar da ni Habila, na kuma amsa. Gonata da ta Hambali suna jere a bakin kanal, can bayan Bunkure, injin ban ruwa ɗaya muke ja tsakaninmu. A ranin nan tumatir ya yi mana albarka, shi ne Hambali ya ce ya gaji da keke. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a kan keke ke nan. Da keke yake kai kaya kasuwar Bunkure, da keke yake zuwa ta'aziyya har Garun Malam, kwando biyu a baya bai taɓa kayar da shi ba. Amma babur, iyakar saninsa da shi wata yamma ce da wani ɗan acaɓa ya ba shi ya zaga filin firamare. Ya sauko yana washe baki, wai ashe keke ne da ba a taka masa feda.

A Sabon Gari muka samu shagon wani Taufiq. Hambali ya zaɓi wani ja ɗan China, sirdinsa da madubansa duk a naɗe cikin leda. Aka zuba mai, aka tayar. Taufiq ya tsaya yana kallon yadda ya riƙe kan babur ɗin, sai fuskarsa ta canja.

"Malam, ka dai iya ko?"

"Na iya mana."

"To saurara. Wannan na hagu kuloci ne, ba birki ba ne. In ka matse shi, raba inji da taya kawai ka yi, babur zai ci gaba da gangarawa abinsa. Birki yana hannun dama, babban kuma yana ƙafar dama. Ba keke ba ne da ko'ina ka matsa ya tsaya."

"Na ji, na ji," in ji Hambali, yana shafa tanki.

Na ja shi gefe. Na ce akwai a-kori-kura da ke zuwa Rano, mu ɗora shi, a sauke mana a Bunkure, gobe ya fara koyo a fili a hankali. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Habila, in shiga gari da sabon babur an ɗaure shi da igiya a bayan mota kamar akuyar kasuwa? 'Yan majalisar bakin masallaci sai su shekara suna ba da labarina. Mai abu shi ke shigo da abinsa, a fito a yi masa Allah sanya alheri. Haka kowa ya yi."

"Kowa ya iya kafin ya saya."

"In tsoro kake ji, ga tasha can. Mu haɗu a gida."

Gaskiya tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Na dubi hanyar tasha, na dube shi. In na tafi, shi kaɗai zai hau titin Zariya, ba mai ce masa ga mota nan, ba mai ce masa rage. Na yi addu'ata a zuci, na ɗaga ƙafa na hau bayansa. Haushinsa nake ji har wuya.

Kafin mu fita daga cikin birni babur ya mutu mana a mararraba ban san sau nawa ba. Duk mutuwar da ya yi sai hon ya taso mana ta ko'ina, 'yan acaɓa suna giftawa suna cewa, "Baba, a koma a koyo!" Hambali ya buga, ya buga, babur ya tashi da fizga, in ji kaina ya yi baya. Ledar nan da ya hana a cire, don a ga sabo ne, zufa ta jiƙa ta, ta zama santsi. Duk lokacin da ya taka birki sai in zame in daki bayansa, shi kuma ya zame ya daki tanki.

Da muka hau titin Zariya na gane ashe cikin gari wasa ne. Tirela ta farko da ta wuce mu, iskarta ta ture mu gefe, na ji tayar baya ta taɓa tsakuwa. Na ƙanƙame shi. Ta cikin rigarsa ina jin zuciyarsa na bugawa, ashe shi ma a tsorace yake, girman kai ne kawai ya riƙe shi. Ina jin yana ta maimaita wani abu a hankali, na ɗauka salati ne. Da na kasa kunne sai na ji cewa yake, "Dama, dama, ƙafa, dama."

A gadar Tamburawa wata tankar mai ta biyo mu a baya, ba ta da wurin wucewa, direban ya danne hon bai saki ba. Ban waiwaya ba. Na rufe ido, na tuna 'yata Linda da na bari tana wasa a ƙofar gida, na ce ya Yesu, kada ka bari yarinyar nan ta ji labarina daga bakin direba. Sai da na ji ƙarar ta wuce gaba sannan na buɗe ido.

Amma a ba shi haƙƙinsa, bai kayar da mu a titin ba. Muka karya kwana a Karfi, wurin masu gasa masara, muka kama hanyar Bunkure. Motoci suka ragu, gonaki suka buɗe dama da hagu, koren alkama da albasa. A nan ne wani sabon tsoro ya kama ni, domin Hambali ya daina cewa dama, dama. Kafaɗunsa suka sauka. Ya fara ƙara wuta. Ya ga wani da ya sani a bakin hanya, har ya saki hannu ɗaya ya ɗaga masa.

"Riƙe da hannu biyu!" na daka masa tsawa.

"Haba Habila, ai mun gama. Abin ya zauna a hannuna."

A Bunkure ya tsaya ya yi azahar, ni kuma na zauna a inuwa ina jiransa. Da ya fito na roƙe shi. Na ce daga nan mu bi ta burji, ko da ta fi nisa. Ya ce a'a, ta bakin kanal za mu bi, nan ce hanyarsa ta kullum, ko ido rufe zai bi ta. Na san dalilinsa. A wannan lokacin kowa yana gona, kuma hanyar bakin kanal ta ratsa gaban gonar kowa.

Hanyar ba ta wuce faɗin amalanke ba. A hagu gonaki ne can ƙasa, a dama babban kanal, an sako ruwa ranar, ya cika har baki yana gudu ba ƙara. Gefensa siminti ne a gangare, gansakuka ta lulluɓe shi. Wanda ya san kanal ya san ba zurfinsa ne abin tsoro ba, fitar ce, domin ba inda hannu zai kama. Can gaba kuma akwai inda ruwan ke nutsewa ƙarƙashin hanya ta wani baƙin rami, abin da ya shiga nan sai dai a je can ƙasa a jira shi.

Manoma suka fara ɗagowa daga kunyoyi. "Hambali! Allah ya sanya alheri!" Yana amsawa da hon. Muka hau wata 'yar gada, muka fara gangarowa, babur ya ƙara gudu da kansa. A ƙasan gangaren na hango tiyon Baba Tambaya, wani dattijo maƙwabcinmu, ya ratsa hanya daga kanal zuwa gonarsa kamar yadda kowa ke yi. Tiyo ne mai kauri, ya kumbura da ruwa, ya jiƙe ƙasar wurin ta zama taɓo. Mai keke yakan rage gudu ya haura a hankali.

"Birki!" na ce. "Hambali, birki!"

Na ga hannunsa na hagu ya damƙe. Da idona na gani, ta saman kafaɗarsa. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana tsayar da keke a wannan gangaren bai tsaya tambayar kowa ba, ya matse kuloci har ya haɗe da mariƙi. Injin ya yi wata irin kururuwa, domin hannun dama bai saki wuta ba, babur kuwa ya saki jiki ya gangara da mu, ba abin da ke riƙe da shi.

"Ƙafa! Ƙafarka!"

"Innalillahi!" shi ne abin da na ji ya ce. Tayar gaba ta daki tiyo a karkace, ta zame cikin taɓo, kan babur ya juya dama. Na ga sama, na ga siminti, sai ruwa ya rufe ni.

Ruwan madatsar Tiga ne, da sanyi ko a tsakiyar bazara. Ni a bakin kogi na tashi, jikina ya san abin yi tun kafin hankalina ya dawo. Na taso sama ina tari. Na duba gaba, na duba baya. Hular Hambali ce kawai ke tafiya a kan ruwa. Hambali bai iya iyo ba, ko a ƙaramin kanal iyakarsa gwiwa.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, har yau kuma ban sake ji ba. Na ja numfashi na nutsa. Ba a ganin komai sai kore-kore. Na lalubo da hannu, na taɓa taya, na bi ta na taɓa riga. Yana nan kwance da babur ɗin a ƙasan kanal, ruwa na jan su tare a kan siminti, a hankali, zuwa wajen ramin. Na kama wuyan rigarsa na ja, bai taso ba. Na ɗauka ƙafarsa ce ta maƙale. Da na shafa sai na tarar ba abin da ya danne shi, shi ne yake riƙe da babur. Hannun dama ya saki, yana ta kaɗawa, amma na hagun yana nan a damƙe da kuloci, yatsun sun zama kamar ƙarfe.

Na ɓamɓari yatsa ɗaya, na koma na biyu, na farkon ya koma. Na naushe shi a hannu, ruwa ya cinye ƙarfin naushin. Ƙirjina ya fara zafi, kunnuwana suna wani irin ƙugi, kuma ƙarar ruwan da ke shiga rami tana ƙara kusantowa. Na san in na taso shan iska ba zan sake samunsa ba. Sai na kai bakina na kafa haƙora a bayan hannun, na cije da duk ƙarfin da ya rage min, har na ji sun taɓa ƙashi. Hannun ya buɗe.

Muka taso. Na riƙe haɓarsa sama, na kai ɗaya hannun ga siminti, ya zame, na sake kaiwa, ya zame. Ina jin ihun mutane a sama, suna bin mu da gudu a bakin kanal. Ramin yana gabanmu, ina ganin yadda kara da ledoji ke juyawa a bakinsa kafin su ɓace. Sai wani abu mai nauyi ya faɗo min a kafaɗa. Baba Tambaya ne ya fizge tiyonsa daga jikin inji ya wurgo mana. Na naɗe shi a hannu, na rungume Hambali da ɗayan, maza suka taru suka ja mu a kan gansakuka kamar buhuna.

Aka kifa Hambali, aka danna bayansa. Ya daɗe bai motsa ba, har wani ya fara salati da ƙarfi, na ce masa ya yi mana shiru. Can sai Hambali ya yi wani irin kakari, ruwa ya ɓulɓulo ta baki da hanci. Na zauna daɓas a ƙasa, kuka ya ƙwace min a gaban mutane, ban kuma ji kunya ba.

Da ya samu kansa ya jingina da buhun taki, ya ɗaga hannun yana kallon jinin da shatin haƙorana. Ya dube ni, idanunsa jajir.

"Habila, na fa ja birki," ya ce. "Wallahi na ja shi har ƙarshe."

Duk zagin da na tanadar masa tun daga Sabon Gari sai na neme shi na rasa. Na ce, "Na gani."

Matasa suka fara shawarar yadda za a nutsa da igiya a ɗauro babur kafin ya kai rami. Suna tambayarsa, bai ko juya ba. Baba Tambaya ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure masa hannu, wani ya kawo keke ya ce a goya shi gida. Hambali ya girgiza kai, ya ce da ƙafa zai tafi.

Na ɗaga shi. Ba hula, takalmi ɗaya, riga ta manne masa a jiki. Muka kama hanyar da yake bi tun yana yaro, ruwa na gudu a damanmu. Ba mu yi nisa ba ya tsaya cak, ya kama hannun rigata.

"Habila," ya ce a hankali, don kada na baya su ji. "Dawo ta gefen ruwan. Ni bari in bi ta gefen gona."