Turmin Inna Hure

Zarto ya kai rabi a gindin turmin, Isyaku ya dakata ya kasa kunne wajen zaure. Babu motsin kowa sai kaji. Uwarsa Inna Hure ta tafi suna Toranke tun da hantsi, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta barin gidan suna sai an kankare tukunya.

Shekararsa ta uku ke nan a jami'a can kudu yana karatun kimiyyar itace, abin da har yau ya gagari mutanen garinsu Kademi ganewa. Ɗan wane zai zama likita, ɗan wane alƙali, shi kuwa ɗan marigayi Malam Da'u gwamnati na ciyar da shi don ya koyi abin da kowace mai hura murhu ta sani. Malaminsa ya ce in an dawo hutu kowa ya kawo guntun tsohon itacen da gara ta kasa ci, a binciko dalili. Isyaku bai wahalar da kansa ba. Duk gari an san turmin uwarsa na ƙirya ne, don ba ta bari a manta. Makon da ta tare, Malam Da'u ya ɗauko shi a ka tun daga kasuwar Gaya, kuma a duk abin da ya bari babu wanda take ji da shi kamarsa.

Guntun ya faɗo, Isyaku ya ɗauka ya juya shi. Ƙirya ja ce mai duhu, ga nauyi, wannan kuwa cikinsa fari-fari. Ya sansana, ya sa farce, ya duba da gilashinsa mai ƙara girman abu. Ɗorawa ce, masassaƙi ya shafe bayanta da jar ƙasa ya turara da hayaƙi. Tausayi ya kama shi. Uba ya tafi bai san an cuce shi ba, uwa ta shekara talatin tana tutiya da ɗorawa.

Yana cikin haka ya ji sallamarta. Ashe motar da ta hau ce ta mutu a hanya, ta gaji da zaman rana ta juyo a ƙasa. Ta dubi turmi a kife, ta dubi zarto. Ya shiga zuba bayanin malami da gara, ita kuwa ta jawo kujera ta zauna ba faɗa, abin da ya fi faɗan tsorata shi.

"To, masanin itace," in ji ta, "tunda ka yanka ka leƙa, me ka gani?"

Isyaku ya dunƙule guntun a hannu. "Ƙirya ce, Inna. Ta ƙwarai. Ko a littafi ban ga irinta ba."

Ta yi ta dariya har da share ido da bakin gyale. "Shekara uku, ashe asarar kuɗin gwamnati kake yi. Ɗorawa ce, ɗan nan. Tun dakan farko na ji a taɓarya. Babanka ya shigo jiƙe da gumi yana murna, na ce ba daga bakina zai ji ba."

Ta tambaye shi ko bai taɓa lura ba kullum a kan duwatsu uku take ɗora shi, duk Juma'a ta shafe shi da man gyaɗa. Ta ce ya je ya gaya wa malaminsa abin da ke hana gara cin itace sunansa Hure.

Da la'asar maƙwabciyarsu Sabuwa ta shigo aron turmi. Isyaku na ɗaki da guntunsa a aljihu ya jiyo muryar uwarsa.

"Mirgina shi a hankali, ƙirya ce. Yau ma jami'a ta duba ta tabbatar."