Mai Bindiga na Bangon Layinmu

Kafin hantsi ya yi, Norris Gault ya riga ya shafe bindigar. Farin fenti ya haɗiye ta daga baki har gindi, ya haɗiye takalman da rabin tutar da ke baya. Abin da ya rage a bangon shi ne kafaɗun mutumin, da kansa cikin baƙar hula mai rufe fuska, da idanu biyu da suka yi shekara talatin da ɗoriya suna kallon duk wanda ya shigo layin.

Ya sauko don ya matsar da tsani, sai ya tarar da kujera a daidai inda zai kafa shi. Misis Orr ce zaune a kai, tsohuwar da ke gidan da ke fuskantar bangon, ta sa kwat ɗinta na zuwa coci, ga lema a hannu.

"Ina kwana, Misis Orr. Kin matso kusa da fenti fa."

"Na gan shi."

"Zai ɓata miki kwat."

"Kwat ɗin nan ya ga aurenka na farko, ya ga na biyu, kuma duk ya fi su ƙarko. Yi aikinka."

Ba shi da aikin yi muddin tana nan. Ya jingina da motarsa, gwiwoyinsa na yi masa tsami, ya ɗaga kai ya dubi zanen. Shi ya zana shi da hannunsa, a zamanin da 'yan Katolika da 'yan Furotesta na birnin Belfast ke kashe juna, kowace unguwa tana zana 'yan bindigarta a bango don gargaɗi. Yanzu majalisar birni ta ɗauko hannun da ya zana, ta ce ya shafe ya zana kurciyoyi, alamar zaman lafiya. Norris ya zana kurciya har ya gaji da ita. Mu dai a layinmu ba mu taɓa ganin kurciya ta sauka ba, sai tsuntsayen teku masu yaga ledar shara, amma wa zai tambaye mu.

Samun izinin shafewar ma ba ƙaramar wahala ba ce. Bronagh, ma'aikaciyar shirin zane da waƙa, ta daɗe tana zaman shayi da tsofaffin 'yan bindigar unguwa, waɗanda yanzu suka yi tumbi amma har yau bango ba ya motsi sai sun ɗaga kai. Sunanta kaɗai ya isa ya nuna daga wancan ɓangaren take, na 'yan Katolika. Ta jure kallon banza har suka amince, da sharaɗin a gama shafewa a yini guda. Rabin zane a bango cin mutunci ne a wurinsu, kuma in suka gan shi haka da yamma, magana ta tashi. Ranar Asabar yaran ɓangarorin biyu za su tsaya a nan su yi waƙa tare.

Bronagh ta iso da jaka a kafaɗa, idanunta duk sun faɗa. Ta dubi kujerar, ta dubi Norris, ta sauke ajiyar zuciya ta tsuguna gaban tsohuwar.

"Misis Orr, ai kin zo duk tarukan da muka yi. Ba ki taɓa cewa uffan ba."

"Kun tambaye mu abin da muke so a zana, 'yar nan. Ba wanda ya tambaye mu abin da za a shafe."

"Hoton nan yana tsorata yara. Ni kaina ranar da na fara shigowa layin nan, saura kaɗan in juya."

"Wannan ne ya tsorata ki?" Misis Orr ta ɗan murmusa. "Norris, faɗa mata."

Norris bai so ba. Ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa.

"Mai rufaffiyar fuska ba shi da komai sai ido," ya ce. "Kuma ido ba ya zanuwa daga ka. In ka gwada, sai ya fito miki kamar na mataccen kifi. Dole wani ya tsaya maka. Su kuma masu bindigar gaske ba sa tsayawa a kalle su, don haka duk wanda ka samu shi za ka kama. Ni Glenn na samu, ɗan Misis Orr. Yana dawowa daga gidan burodi, duk jikinsa fulawa."

"Da tsintsiyata ya tsaya," in ji Misis Orr. "A bayan gida, ya riƙe ta kamar soja. Hular ma tawa ce, ni na huda mata ramukan ido da almakashi. Yaron da ko ɓera ya gani sai ya kira ni."

Bronagh ta miƙe ta ɗaga kai. Norris ya nuna mata da yatsa.

"Dubi gefen idon. Kin ga yadda ya tattare? Duk garin nan sun ɗauka harara ce. Dariya yake yi. Na yi ta ce masa ya ɗaure fuska, ya kasa."

Kowace shekara, in 'yan sarewa da ganguna suka yi jerin gwanonsu na bazara, sai sun tsaya gaban bangon nan sun sunkuyar da tutoci, suna girmama gwarzon unguwa. Misis Orr tana kallonsu ta taga, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Glenn bai kai bazarar da ta biyo bayan zanen ba. Yana jiran bas zai tafi aiki, bam ya tashi a wata mota da aka ajiye kusa da shi.

Yayyafi ya soma. Bronagh ta yi abin da aikinta ya koya mata, wato neman mafita.

"Zan kawo mai ɗaukar hoto yanzun nan. Mu wanke miki babba, ki rataye a falo."

"Ina da hotuna cike da akwati. A cikinsu duk mai kyamara yake kallo. A nan kuwa ni yake kallo, don ni ce a bayan Norris ina yi masa gwalo."

"A bar idon mana," in ji Norris. "In zagaye shi da wani abu."

Bronagh ta girgiza kai. Ba taurin zuciya ba ne, tausayi ya cika ta, amma ta san mutanenta. In aka bar ido, tsofaffin za su ce a bar hula, daga hula sai bindiga ta dawo. Norris ma ya sani. Ya ajiye doguwar sandar da ke ɗauke da rolar shafa fenti a ƙasa, ya zauna a bakin titi. Baƙin ciki ya danne shi, da gajiyar da ta wuce ta gwiwa.

"Ki nemo wani," ya ce wa Bronagh. "Ni dai ba zan iya ba."

"Wa ya ce maka kai za ka yi?"

Misis Orr ta naɗe lemarta, ta dafa kujera ta miƙe da ƙyar.

"Kun zaci hana ku na zo yi? Na gaji da ganin bindigar nan fiye da ku duka. Jira nake a zo wurin idon." Ta nuna sandar. "Miƙo min."

"Tana da nauyi, Misis Orr."

"A akwatin gawa aka kawo min Glenn, Norris, an buga ƙusa. Suka ce kada in buɗe, gara in tuna shi yadda yake. Na wanke shi yana jariri, na yi jinyarsa, amma ban samu na rufe masa ido ba. Ban san ma ko wani ya rufe ba."

Norris ya tashi. Ya tsoma rolar cikin fenti, ya ɗaga sandar, ya sa mata a hannu. Sai ya tsaya a bayanta ya riƙe gindin sandar. Bronagh ta janye kujerar ta koma gefe.

Rolar ta hau bangon tana karkarwa har ta kai goshin hular. Misis Orr ta tsayar da ita a nan, ta daɗe tana kallon sama, ruwa na sauka a fuskarta.

"Kada ka ja gefe," ta ce. "Daga sama zuwa ƙasa ake yi. A hankali."

Suka jawo ta ƙasa a hankali.