Gaisuwar Tsaye

Wando biyu, riga uku, usur, takalmin atisaye, kwalbar man zafi, da ƙullin busasshen kifi na Baba. Abin da ke cikin jakar Othniel ke nan. A cinya ya riƙe ta tun daga Fatakwal, ƙafarsa ta hagu a miƙe a tsakiyar bas, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsallake ta yana tsaki. Sun baro Jaji, rana ta fara zafi, kwandasta na cewa masu sauka a Kwangila su kimtsa.

Wayar yayarsa Martina ce ta taso shi. Daga wurin masu wayar haya ta kira, muryarta cike da dariya, a kan ɗanta Toma.

"Taya ni murna! Ubangiji ya warkar da shi. Ranar Laraba ko bayi sai an riƙe shi, gwiwa ta kumbura kamar gwanda. Asabar ya buga wasa daga farko har ƙarshe, har ƙwallo ya ci. Lahadi muka yi godiya a coci, 'yan zumunta suka raka ni da rawa."

"Wa ya duba shi, Yaya?"

"Wani Dakta Seba, na kulob ɗinsu. Hannunsa da albarka. Kuma Asabar ɗin nan ejan zai zo daga Legas, cikin masu kai yara Turai."

Othniel ya fara ƙwallo ba takalmi a filin firamare na Samaru. Ya tsare baya a wani kulob na Kaduna, ya tsare a Legas, ya yi 'yan shekaru a Tunisiya, yanzu shi ne kocin wata ƙaramar ƙungiya a Fatakwal. A duk yawon nan bai taɓa ganin gwiwar da ta kumbura Laraba ta warke Asabar ba. Ya dai sha ganin wadda aka toshe wa baki. Washegari ya bar wa mataimakinsa yara, ya nufi tasha.

* * *

Baba na zaune a tabarma gindin mangwaro, rediyo a gefensa. Tun da ya bar aikin gonar bincike nan ne ofishinsa. Othniel ya ajiye jaka, ya ɗan rankwafa, ya miƙa hannu biyu.

"Sannu da gida, Baba. Mun same ku lafiya?"

Tsohon ya dube shi daga ƙasa zuwa sama, kamar yadda yake yi duk zuwa.

"Bature ya iso," ya ce. "Sannu da hanya."

Martina ta karɓi kifin tana taɓe baki. Kafin ta kawo ruwa sai ga Toma ya shigo daga atisaye, dogo, wuya kamar na kawunsa, shekara ashirin ba ta cika ba. Yana ganin baƙo ya zube ƙasa a tsugune, ya gaida kakansa, ya juyo ya gaida kawunsa.

"Ka gani?" in ji Martina, idonta a kan ƙanenta. "Ga lafiya, ga tarbiyya."

"Zauna a kan turmin nan," Othniel ya ce wa yaron. "Naɗe wando."

Gwiwar da zafi kamar an sauke ta daga murhu. Ya danna gefe, ruwa ya gudu ɗaya gefen. Ƙasa da ƙoƙon akwai ɗigo-ɗigo baƙaƙe, kamar cizon sauro. Ya matsa da ƙarfi, wurin da ya kamata yaro ya yi ihu. Toma murmushi ya yi.

"Ko kaɗan ba na ji, Kawu."

"Na sani. Yaushe aka yi maka allurar yau?"

"Da safe. Dakta ya ce allurar mai ce, ta gyaran gaɓa."

* * *

Kemis ɗin Dakta Seba yana unguwar PZ, tsakanin mai kaset da mai atamfa. Labule ne ya raba kanti da ɗakin baya, inda aka ajiye benci da bokiti. Seban, wato Sebastian, gajere mai fara'a, yana ganinsa ya buga kanta.

"Bango! Bangon Samaru da kansa! Wallahi ina yaro na hau katanga don in kalle ka. Koc, me za ka sha?"

"Me kake sa wa Toma a gwiwa?"

Fara'ar ba ta tafi ba, ta dai ragu. Ya ɗauko 'yar kwalba ya nuna. Othniel bai karɓa ba. Ya san ta, har murfinta.

"A ina ka yi karatun likita?"

"Haba Koc. Na daɗe a kantin ogana kafin ya sallame ni. Kuma ni ban taɓa kamo kowa ba, su ke zuwa da ƙafarsu. Ciyaman Uzodinma, mai kulob ɗin, shi ke saya musu takalma, shi ke ciyar da su, duk don irin wannan ranar. Yaro ya daɗe yana jiran ejan, sai in ce masa je ka kwanta saboda gwiwa? In ya tsallaka, can Turai za su gyara masa. Suna da injuna."

"Can ma auna ƙafa suke fara yi. In ta lalace su sa shi a jirgi."

"To ai kai ka tsallaka, ga ka nan garau."

Othniel ya dube shi. Da gaske Sebastian yake faɗa, har zuciyarsa. Wannan ne ya fi ba shi tsoro. Ya juya ya fita, ya tsayar da ɗan acaɓa, ya hau yana miƙe ƙafa gefe guda.

* * *

Kafin magariba allurar ta saki. Toma na zaune bakin ƙofa, gumi na tsatsafo masa a goshi, yana ta wasa da kare don kada a lura. Tuwo na gabansa bai taɓa ba.

"Gobe Shika za mu, asibiti," in ji Othniel. "Asabar kuma ba ya bugawa."

Martina ta dire ludayi.

"Ban ji ba."

"Ba warkewa ya yi ba, Yaya. Kashe masa wurin ake yi. Yana gudu a kan ciwon, ciwon na ƙaruwa, shi bai sani ba."

"Da idona na ga ya ci ƙwallo! Tun da ubansa ya rasu ni kaɗai nake fama, da albashin firamare. Yau ƙofa ta buɗe, ka taso tun daga Fatakwal don ka rufe ta? Kai ka je ka ci naka. Me muka gani? Ka dawo ko Baba ba ka iya tsugunawa ka gaida. Har a coci kowa ya durƙusa, kai kana zaune kamar gwamna. Shiru kawai muke yi maka!"

Baba ya rage muryar rediyo. Bai ce ta yi ƙarya ba.

Othniel ya miƙe. Ya naɗe wandonsa na hagu har cinya. Ba su taɓa ganin gwiwar a fili ba tun da ya bar buga ƙwallo: ƙatuwa, a karkace, da tabon ɗinki biyu. Ya je gaban tabarmar Baba ya fara sauka. Ta dama ta lanƙwashe. Ta hagu ta tafi kaɗan ta tsaya, ta yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Ya ciji leɓe ya ƙara dannawa. Sai ya tafi gefe gaba ɗaya, kafaɗarsa ta bugi gindin mangwaro, ya zauna daɓas a ƙasa.

Karen ne kawai ya motsa.

"Tun Tunisiya," ya ce yana haki. "Irin kwalbar nan ce. Kafin kowane wasa, kakar wasa guda cur. Ni ma ban ji komai ba."

"Me ya hana ka faɗa?" in ji Baba.

"Gara a ce mini mai girman kai da a ce gurgu. Ba a ba gurgu aikin koci."

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Mamarku ta bar duniya tana cewa Larabawa sun ɓata ka."

Martina ta sa bakin zane ta toshe bakinta. Toma ya daina shafa karen, hannunsa ya koma kan tasa gwiwar.

"Ke," Baba ya ce wa 'yarsa, "ɗauko masa kujera."

* * *

Likitar ƙashi, Dakta Adenike, ba ta da yawan magana. Ta zuƙe ruwa daga gwiwar, rawaya da jirwayen jini, ta ɗaga sirinjin ta nuna wa Martina. Ta ja ƙafar gaba, ta murɗa ta gefe, Toma ya yi ihun da ya kamata ya yi tun tuni. Aka ɗauki hoto, suka yi ta zama a benci har bayan azahar.

"Jijiyar ta tsage, amma ba ta tsinke ba," ta ce. "Da ya ƙara wasa ɗaya ko biyu, da wani zancen muke yi. Zai huta watanni. In ya bi doka, zai buga ƙwallo."

"Zai buga?" in ji Othniel.

"Na ce in ya bi doka."

Ya fita baranda ya zauna. Sai a lokacin ya tuna tun daga Fatakwal bai ci abin kirki ba. Ya kira mai rake, ya saya, ya zauna yana sha yana tofar da ɓawo a hannu kamar yaro, har wata nas ta harare shi. Ya yi mata dariya. Rabon da rake ya yi masa zaƙi haka ya manta.

Toma ya fito da sanda, ƙafa a naɗe, idonsa ja.

"Ejan ba zai dawo ba, Kawu."

"Wataƙila."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Ban yi maka alkawarin Turai ba. Ƙafa na zo nema, kuma mun samu. Ungo rake."

Yaron ya kawar da kai. Can ya miƙo hannu ya karɓa.

* * *

Asabar da safe bas ɗin kulob ta tsaya a ƙofar gida tana hon. 'Yan wasa na ciki suna waƙa, suna buga jikin mota. Ciyaman Uzodinma ya sauko, babban mutum mai tumbi da sanyin murya, ya cire hula ya gaida Baba, sannan ya fuskanci Martina.

"Madam, ɗana ne shi ma. Rabin lokaci kawai. Ejan ya gan shi ya taɓa ƙwallo, in fitar da shi da kaina."

Martina ta waiga ɗaki. Othniel ma ya waiga. Ya san yadda waƙar nan take jan ƙafa. Da shi ne a shekarun Toma, da ta taga zai fita.

Sandar ta fara fitowa, sannan Toma. Rigar kulob na hannunsa, a wanke, a ninke. Ya miƙa wa Ciyaman.

"A ba wani, Oga. Ku ci su."

Uzodinma ya riƙe rigar yana juya ta. Ya dubi naɗin ƙafar, ya juya ya hau mota.

A kujerar gaba Sebastian na zaune da ƙaramar kular magani a cinya, ya ɗaga wa Othniel hannu da fara'a. A ta baya Lanre ne, abokin Toma tun firamare, ya ɗora ƙafa a kan kujerar gabansa. Idon sawunsa ya yi girman doya, safa ta ƙi shiga.

"Kai, Lanre! Wannan ƙafar fa?"

"Ba komai, Koc! Dakta zai gyara kafin a hura usur!"

"Sauko!"

Direba ya riga ya ba ta wuta. Waƙar ta yi nisa, ta sha kwana ta nufi Sabon Gari, hannun Lanre a waje yana kaɗawa.

Suka koma ciki. Martina ta riƙe ɗanta ya tsallake dokin ƙofa, ta riƙe ƙanenta shi ma, ko da yake bai nema ba. Othniel ya tura ƙofar, ya sa sakata.

"Yaya, a share mini ɗakin baya," ya ce. "Ba zan koma ba sai na ga yaron nan ya yi gudu ba allura."